Don Allah ta ina mutum yake fara neman maki a wasannin ruwan harsashi?

Ɗan_Autan_Gida

Salam ƴan uwa. Don Allah ina neman shawara daga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Wajen wata uku kenan da na faɗa wasannin jirgi irin na Japan ɗinnan da harsashi yake cika sikirin gaba ɗaya kamar an zazzage buhun gero, na fara da Mushihimesama a Steam (kasuwar gem ta kwamfuta), daga baya wani abokina ya saka min tsohon DoDonPachi na 1997 a MAME (manhajar da take buga tsofaffin wasannin gidajen gem a kwamfuta), shikenan na maƙale. Amma gsky yadda nake wasan shi ne in aka kashe ni sai in danna kantiniyu in ci gaba, in sake mutuwa in sake dannawa, haka har in ga ƙarshe, wani lokacin sau goma sha wani abu. Ni a tunanina ai na gama gem ɗin kenan.

To jiya da daddare sai na kalli bidiyon wani ɗan Japan yana buga DoDonPachi ɗin, wlh sai na ji kamar ba gem ɗaya muke bugawa ba. Makin da ya tara a stej na farko kaɗai ya ninka abinda nake samu kafin rayukana su ƙare, kuma abin mamakin ma ba wani gudu yake ba, wani wajen sai ka ga da gangan ya ƙyale jirgin abokan gaba ya ɗan jima kafin ya harbe shi, wani wajen ya tsaya cak yana ƙona tanka da leza, ga wata lamba a sama ta hagu tana ta hawa. Ni ban ma taɓa lura da lambar ba sai jiyan.

Tambayata ita ce, mai son ya fara neman maki da gaske ta ina zai kama? Sai na iya gama gem ɗin da kiredit ɗaya, wato ba kantiniyu, tukunna ko tun yanzu zan iya farawa? Kuma wane gem ya fi dacewa da sabon shiga? Laftof ɗina ba wani mai ƙarfi bane, kuma da kibod nake bugawa, banda kuɗin sandar nan ta aked, irin ta injin gidan gem. In dai sai da ita to ku faɗa min tun wuri in haƙura. Ngd.

TsohonMatuƙi

Wa alaikumussalam ƙanina, barka da shigowa gidan wahala.

Abu na farko, daga yau ka manta akwai wani maɓalli wai shi kantiniyu. Waɗannan wasannin asalinsu na gidajen gem ne a Japan, yen 100 ake sakawa a inji a buga, kuma a wurin masu neman maki abinda ka samu da kiredit ɗin farko shi ne naka, saura duk tatsuniya ce. Gem ɗin bai fi minti 25 zuwa 30 ba daga farko zuwa ƙarshe, in ka bi shi da kantiniyu ka ga ƙarshensa kamar wanda ya buɗe littafi ya duba shafin ƙarshe ne yace ya sauke.

Yanzu lambar da ka gani. Ita ce sarƙa. A DoDonPachi duk sanda ka kashe abu akwai wani ɗan ma'auni a sama da yake cika, sai ya fara zubewa da sauri, wajen daƙiƙa ɗaya haka ya ƙare. In ka kashe wani abun kafin ya ƙare sarƙar ta ci gaba, in ya ƙare ta tsinke ka koma farko. Inda kuɗin yake shi ne, kowane abu da ka kashe a cikin sarƙa ba makinsa kaɗai ake baka ba, ana haɗa maka da jimillar na duk waɗanda suka gabace shi a sarƙar. Kaga kenan ƙaramin jirgin da ba komai bane in ya zo a na 200 a sarƙa ya fi babbar tanka da aka kashe ita kaɗai nesa ba kusa ba. Shi yasa sarƙa ɗaya mai 200 ta fi sarƙa huɗu masu 50 ninkin ba ninkin. Abinda ka ga mutumin yana yi na ƙyale jirgi ya jima, ajiye shi yake don ya zama gada tsakanin wannan ayarin da mai zuwa, in ya kashe komai da wuri zai zauna babu abin harbi, ma'aunin ya zube. Tsayawar da yake yana ƙona babban abu da leza kuma, lezar in tana kan abu mai tauri tana riƙe ma'aunin ne kada ya ƙare. Babu abu ɗaya a bidiyon nan da ya zo masa bagatatan.

Kuma nan ne mutane suke kuskuren fahimta, ana ɗauka harkar saurin hannu ce da kaifin ido. A'a. Hadda ce. Abokan gaba a wuri ɗaya suke fitowa a lokaci ɗaya kullum, kamar yadda aya take biye da aya. Wanda ka kalla ya maimaita stej ɗin nan sau ɗaruruwa har hannunsa ya san inda zai je kafin jirgin ya fito. Yadda ba a ba yaro izu guda a allo rana ɗaya, haka kaima kar ka ce zaka haddace stej shida. Ka ɗauki stej na farko, ka raba shi gida uku ko huɗu, ka yi sebin, wato ka ajiye wasan a inda kake, a farkon kowane yanki tunda MAME yana bada dama, ka yi ta nanata yanki ɗaya har sai ka iya haɗa shi sau bakwai cikin goma, sannan ka ɗora na gaba. Daga baya sai tilawa, wato ka buga daga farko ba sebin.

Bidiyo kuma ka ci gaba da kallo amma ba irin kallon jiya ba. Ka rage gudunsa, ka daina kallon harsashi, ka kalli jirginsa: ina ya tsaya, yaushe ya saki leza ya koma harbi, me ya bari da rai. Sannan shawarata kar ka kwafi mai riƙe da kambun duniya, hanyarsa cike take da kasada da ba zaka iya ɗauka ba yanzu, ka nemi na wanda ya fi ka da kaɗan. Ana samun su da yawa a YouTube, kuma shafin Shmups Wiki ya yi bayanin tsarin makin yawancin wasannin Cave, kamfanin da ya yi DoDonPachi da Mushihimesama.

Akwai ƙudan zuma guda 13 a ɓoye a kowane stej, da leza ake tono su, darajarsu tana hawa in kana ɗauka a jere baka mutu ba. Su ma sun fi sarƙa sauƙin koyo, wurarensu kawai zaka riƙe.

Game da tambayarka ta biyu, ni ra'ayina ka fara gama zagayen farko, wato stej shidan nan, da kiredit ɗaya tukunna. Ka yi wasa da sarƙa a stej 1 da 2 don daɗi, amma daga 3 zuwa sama ka tsira da ranka kawai, ka jefa bom ɗinka kar ka mutu da shi a aljihu. Matacce baya tara maki. Kuma ka zaɓi gem ɗaya, ko Mushihimesama (Mushi) ko DoDonPachi, ba a tauna taura biyu lokaci guda.

Mai_Tatsa

Yaya Matuƙi na yarda da kusan komai da ka faɗa amma maganar sai ya gama da kiredit ɗaya tukunna, nan kam ban yarda ba, kuma mun sha yin wannan musun da kai. Ni haka aka ce min lokacin da na fara, na kwashe wajen shekara ina koyon tsira kawai, ina maƙalewa a ƙasan sikirin kamar ƙadangare a bango, da na zo neman maki sai na tarar duk hanyar da hannuna ya haddace bata da amfani, dole na goge na sake sabuwa, kuma goge tsohuwar ɗabi'a ya fi koyon sabuwa wuya wlh. In kana da niyyar neman maki to tun yau ka fara, ko da a stej ɗaya ne.

Kuma fa maki ba ado bane kawai, rai ne. A DoDonPachi ɗin da yake bugawa ana bada ƙarin rai a miliyan 6 da kuma miliyan 20, wanda baya sarƙa kwata-kwata zai daɗe bai ga na biyun ba. Ka je Battle Garegga na 1996, na kamfanin Raizing, can ma abin ya fi fitowa fili, duk miliyan ɗaya rai ɗaya. Shi gem ɗin yana da wani ɓoyayyen lissafi da ake kira rank, kana harbi yana hawa, kana kwasar kaya yana hawa, kana daɗewa a raye yana hawa, yana hawa kuma abokan gaba suna ƙara zafi da taurin kai, abinda yake sauke shi sosai shi ne mutuwa. To sai ka ga gwanaye suna tara maki don su samu rai, sannan su kashe kansu da gangan don su huce gem ɗin, su sake tara maki. Ranar farko da na ga haka na ɗauka mutumin ya samu matsala ne. A irin wannan gem ɗin ina ma bambancin neman maki da neman tsira? Abu ɗaya ne. Ga lambobin zinare da suke faɗowa, suna farawa daga 100 suna hawa har 10,000, guda ɗaya ta suɓuce maka ta faɗa ƙasa ka koma 100, ranar sai ka ji kamar ka yi kuka.

Ba cewa nake ya fara da Garegga ba fa, kar a ce na kashe yaro. Misali ne kawai.

Ɗan Auta abinda zan ce maka, kowane gem da irin abinda yake so daga gare ka, ka nemi wanda ya dace da halinka. In kai mai son tsari ne da lissafi, Ikaruga na kamfanin Treasure: abokan gaba farare da baƙaƙe, ka kashe uku masu launi ɗaya a jere ka samu sarƙa ɗaya, ladan yana ninkawa daga 100 har ya tsaya a 25,600, kamar dara ce ake yi da jirgi. In kai mai zafin kai ne mai son shiga hanci da ƙudundune, Ketsui na 2003, shi iya kusancinka da abu lokacin da ka kashe shi iya girman ɗan akwatin da zai zubar, daga 1 zuwa 5, kaga dole ka bar ƙasan sikirin ka hau sama ka rungume su. In kuma so kake ka ga lambobi suna fashewa ka ji daɗi tun ranar farko, Crimzon Clover, mutum ɗaya ɗan Japan ya haɗa shi, yana Steam, baya hukunta ƙaramin kuskure kamar yadda DoDonPachi yake yi. Don gsky sarƙar DoDonPachi muguwa ce, ka makara da ƙiftawar ido a tsakiyar stej aikin minti biyu ya tafi. Ni ba zan ba sabon shiga ita ba amma tunda ita ta ja ka, to bismillah.

Sannan ka nemi duk gem ɗin da yake da karaban, wato wasan minti 2 ko minti 5. Asalinsa gasar da kamfanin Hudson suka riƙa zagayawa da ita garuruwan Japan ne tun 1985 da Star Force, sai Star Soldier a 1986. Minti biyu kacal, ba maganar tsira, maki zalla. A awa ɗaya ka yi gwaji ashirin da wani abu, a nan ne zaka gane me ake nufi da gyara hanya.

Ummin_Graze

Ku maza kun cika shi da Cave da Raizing, yaro yace laftof ɗinsa ba ƙarfi kuma kibod gare shi, ba wanda ya amsa masa wannan.

Ƙanina kibod ba matsala bane ko kaɗan. Touhou, wani jerin wasanni irin waɗannan, gaba ɗayansa a kwamfuta aka haife shi, mutum ɗaya mai suna ZUN yake yin su tun zamanin tsohuwar kwamfutar Japan PC-98, kuma yawancin masu bugawa da kibod suke yi, kibiyoyi huɗu da Z da X da Shift, shikenan. Ni shekara huɗu kenan ban taɓa riƙe sandar aked ba. Abu ɗaya zaka duba, wasu kibod ɗin laftof in ka danna maɓalli uku ko huɗu tare sai ɗaya ya ƙi shiga, misali kana riƙe da Z da Shift ka ce zaka tafi sama ta hagu sai jirgin ya ƙi. In naka yana haka canza maɓallan ko ka sayi ɗan kibod na USB, ba sai mai tsada ba. Kuma tsofaffin Touhou irin Perfect Cherry Blossom na 2003 da Imperishable Night na 2004 ko laftof ɗin da ya ga jiya ya ga yau zai ɗauke su.

Abinda yasa nake ganin Touhou makaranta ce mai kyau, yana nuna maka abubuwan ƙarara. Ka riƙe Shift ka rage gudu sai ɗan ɗigo ya bayyana a tsakiyar jikin yarinyar da kake tuƙawa, wannan ɗigon shi kaɗai ne kai, duk sauran zane ne, harsashi zai iya ratsa hannunta da rigarta ba abinda zai faru. (A Touhou na 2002 ba a nuna ɗigon, shi yasa bana ba sabo shi.) Daga nan sai gireiz, wato ka goga jikinka da harsashi ba tare da ya taɓa ɗigon ba, kowace goga ana lissafa maka. Da farko kana gudun harsashi, in ka fara neman maki sai ka koma kai kake bin sa, wannan juyin tunanin shi ne duk harkar. Sai maganar kayan maki shuɗaye da suke faɗowa, darajarsu ta fi yawa in ka ɗauke su a sama, kuma akwai wani layi can sama da in ka haura shi duk kayan sikirin suke tahowa wurinka da cikakkiyar darajarsu. To sama kuma nan ne abokan gaba suke fitowa. Kullum ciniki kake tsakanin tsoro da kwaɗayi.

Bos kuma, wato babban abokin gaba na stej, hare-harensa masu suna ne, in ka cinye ɗaya baka mutu ba baka jefa bom ba akwai lada na musamman. Nan ne nake ɗan saɓawa da Yaya Matuƙi akan bom, ko ince ina ƙara bayani: a ranar da kake neman gamawa jefa shi ba kunya, amma a firaktis kar ka taɓa shi, bari harin ya kashe ka sau hamsin har ka gane shi, in kana bom a firaktis yaushe zaka koya?

Wata dabara da ba wanda ya faɗa min sai da na sha wuya: rabin harsashin da kake gani kai aka saita. Inda kake tsaye lokacin da aka harba nan zai zo. In ka ruga da gudu daga wannan gefe zuwa wancan sai ka watsa shi ko'ina ka toshe wa kanka hanya, amma in kana ɗan matsawa kaɗan-kaɗan, taɓa, taɓa, taɓa, duk sai ya bi ta gefenka a layi ɗaya. In ka kusa bango sai ka yi wuf ka zabura gaba don layin ya buɗe, ka dawo ta cikin ramin. Wannan yana aiki a Mushi da DoDonPachi ma, ba Touhou kaɗai ba.

Kuma gem ɗin yana ajiye rifile, ɗan ƙaramin fayil ne, in baka yi kantiniyu ba. Ka riƙa kallon naka. Ba daɗi, kamar jin muryarka a rikodin, amma zaka ga mutuwar da ka ɗora wa rashin sa'a ashe tun daƙiƙa biyar kafin nan ka tsaya a inda bai kamata ba.

Sarkin_Pad

Hhhh ku dai kuna da lokaci wlh. Ni na gwada abin nan sau ɗaya idona ya yi ta ruwa, na koma ƙwallona lafiya lau. Wai mutum ya kashe kansa da gangan don ya ci maki, Mai Tatsa anya kuwa? Allah ya bada sa'a dai, ina gefe ina kallo.

Injiniya_Sak

Ƙarin bayani kan kayan aiki tunda Anti Ummi ta taɓo. Wasannin nan kusan firem 60 suke tafiya a daƙiƙa, kowane firem wajen kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kenan, to jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin jirgi in ya kai firem biyar shida zaka ji jirgin yana santsi kamar a kan taɓo. In zaka haɗa da talabijin ka shiga saitin ka kunna yanayin gem, yawancin talabijin na zamani suna gyara hoto kafin su nuna shi kuma wannan gyaran lokaci yake ci. Pad mara waya ma wani yana ƙara nasa. Sikirin laftof ɗinka sau da yawa ya fi babbar talabijin ɗin falo.

Na biyu, laftof in aka ɗauke wuta ya koma kan batir yakan rage ƙarfinsa don ya adana caji, sai gem ya fara tsalle-tsalle. Ni sai da na yi sati ina zargin hannuna kafin na gano. Ka duba saitin wuta ka sa shi a cikakken ƙarfi, kuma lokacin zafi ka ɗaga bayansa iska ta shiga. Amma kar ka rikita wannan da jinkirin da yake na asali, wasannin Cave in harsashi ya yi yawa injin aked ɗin da kansa yake rage gudu, gwanaye da shi suke lissafi, ba lalacewa bace.

Na uku, DoDonPachi da Mushi a tsaye sikirinsu yake kamar waya. In kana da monita daban zaka iya juya ta a tsaye, hoton ya kusa ninka girma, ana ce masa tate. Ba dole bane, ni dai tunda na juya ban koma ba. Ka jingina ta da kyau kawai, tawa ta taɓa kifewa.

In ka tashi saka makinka a wani allon gasar maki ka rubuta wane bugu ne da wane jirgi da wane saiti, don makin MAME da na Steam da na asalin inji ba a cika haɗa su waje ɗaya ba, kuma wanda aka yi da sebin ba ya shiga lissafi.

Ɗan_Autan_Gida

Kai jama'a na gode sosai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Kwana biyar kenan ina gwadawa shi yasa kuka ji ni shiru. Na tsaya akan DoDonPachi, Anti Ummi ki yi haƙuri, Touhou yana layi insha Allah, amma dabarar taɓa-taɓa ɗin nan taki ta cece ni a stej 3 inda kullum nake zubar da rai biyu. Kuma gaskiyarki kibod ɗina yana cinye sama-hagu in ina riƙe da leza, ashe ba ni bane, na mayar da harbi kan wani maɓallin ya daina.

Na raba stej 1 gida huɗu kamar yadda Yaya Matuƙi yace. Yanki na farko da na biyu suna haɗuwa yanzu, sarƙata mafi tsawo 74, da ko 20 bana kaiwa. Ƙudan zuma na samo 11, biyu sun gagare ni. Jiya kuma karon farko na samu ran miliyan 6 tun kafin in kai inda nake mutuwa, sai na tuna maganar Mai Tatsa.

Amma ga sabuwar matsala. Yanzu da sarƙar ta tsinke a stej 1 sai in ji duk wasan ya lalace, in danna risat in sake daga farko. Daren jiya na yi wajen awa biyu ban ga stej 2 ba ko sau ɗaya, na kwanta raina a ɓace kamar an yi min sata. Wannan haka kowa yake yi ko ni ne na fara zarewa?

TsohonMatuƙi

Hhh ba ka zare ba, ciwon risat ne, duk mun yi shi, Mai Tatsa ma har yanzu bai warke ba. 74 a kwana biyar ba laifi wlh.

Illarsa ita ce zaka zama gwanin minti biyun farko, sauran gem ɗin kuma baƙo, ranar da Allah ya baka stej 1 mai kyau sai ka isa stej 4 hannu na rawa ka zubar da komai don rabonka da wurin sati biyu. Kuma manyan makin suna can gaba, abinda kake risat a kansa a stej 1 in ka kwatanta da abinda ke stej 5 kuɗin cefane ne. Abinda nake yi, in na zauna ina raba lokacin: rabin awa na farko sebin da nanata yanki, nan ka yi risat ɗinka har ka gaji. Bayan nan kiredit uku cikakku, duk abinda ya faru sai na kai inda rayuka suka ƙare, ko da sarƙar ta tsinke a jirgi na biyar. In ukun sun ƙare na rufe laftof. Ina da wani ɗan littafi na aljihu da nake rubuta kwanan wata da makin ƙarshen kowane stej da inda na mutu, in ka ji kamar baka ci gaba sai ka buɗe na wata ɗaya baya.

Su ƴan Japan ɗin da kake kallo fa a da kafin intanet ta yaɗu mai gidan gem ne yake tabbatar da makinsu a aika wa mujallar Gamest, su jira fitowa ta gaba su ga ko wani a wani gari ya wuce su, da ta tsaya a 1999 mujallar Arcadia ta ɗauka. Mutum ya shekara akan gem ɗaya don layi ɗaya a mujalla, kuma kowane gwaji da yen 100 ɗinsa, ba sebin.

Ƙudan zuman biyu da suka rage, turo min hoton wuraren sha ɗayan da ka samu in ga waɗanne ne babu. Kuma wane jirgi kake ɗauka, ja ko kore ko shuɗi? Don inda zaka tsaya a yanki na uku ya danganta da shi.

Mai_Tatsa

Ni na warke fa Yaya, jiya sau tara kawai na yi.